Yadda nake haɗa kibiyar sihiri a Roll20

Duk daren Asabar mukan buga Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke zama wani jarumi a cikin labari, ta Roll20, shafin intanet da ake buga irin wannan wasa daga nesa, ni ina ɗakina a Unguwar Rogo cikin rigar sanyi, ƙanina da abokansa biyu suna Kubwa suna kukan zafi. Ni ne mai jan labarin. Ƙanin nan nawa maharbi yake bugawa, ya dame ni wai kibansa ba su da wani armashi, sai na ce to bari in haɗa masa kibiyar wuta. Ga yadda na yi, a takardar ɗan wasa (shafin da ke ɗauke da bayanan jaruminsa da makamansa) ta dokokin 2014.

Kada ka taɓa bakan. Nan na fara yin kuskure: na shiga layin bakansa na ƙara masa lamba, sai ya zama ko kibiyar banza ya harba wuta take ci. Bar baka yadda yake, ka buɗe wa kibiyar layinta daban.

A tsakiyar takardar akwai wurin hare-hare. Danna alamar ƙari da ke ƙasansa, sabon layi zai fito. Sa suna, tawa na kira ta Garwashi. A wajen saiti zaɓi DEX, wato makin zafin nama, tunda harbi da zafin nama ake yinsa ba da ƙarfin damtse ba, ka kuma sa alama a akwatin ƙwarewa. A gurbin ƙarin sihiri rubuta 1. Ɓarna ta farko ita ce ta bakan da kansa, dogon baka 1d8 (wato a jefa ɗan ludo ɗaya mai fuska takwas), gajere 1d6 (mai fuska shida), nau'inta huda. Sai ka kunna gurbin ɓarna ta biyu, ka sa 1d6, nau'inta wuta. A nan ka lura: kada ka sake zaɓar DEX a gurbi na biyu, in ba haka ba sau biyu za a lissafa masa, kuma ba zai gaya maka ba. Nawa dai bai faɗa ba, sai da na gano da kaina bayan mako biyu.

Raba ɓarnar gida biyu yana da dalili. Akwai dodannin da wuta ba ta yi musu komai, kamar jan maciji mai fiffike. In lambobin a haɗe suka fito, sai ka tsaya kana cire-cire da ka, ga data tana tafiya.

Saura ƙirge. Shiga jakar kayansa ka ƙara Garwashi, ka rubuta adadi, ka sa alamar a ɗauke ta cikin abin da ake kashewa, za ta bayyana a gefen dama da lambarta. Mu da asusun kyauta muke wasa, don haka da hannu yake ragewa duk harbi ɗaya, ni kuma ina kallo.

Nawa za ka bayar? A littafin mai jan labari, kibiya mai ƙarin 1 ba kasafai ake samunta ba, mai 2 ta fi wuya, mai 3 kuwa sai an tona. Kuma da zarar ta sami abin da aka harba, sihirinta ya ƙare. Wannan dokar na ɗora wa Garwashi, na rubuta ta ɓaro-ɓaro a gurbin bayani don kada a yi gardama. Kwari yana cin kibiya 20, amma biyar kawai na ba shi. Da farko 3d6 na sa wa wutar, ya kashe mini shugaban 'yan fashin da na kwana uku ina shiryawa tun kafin mutumin ya gama jawabinsa. Washegari na mayar da ita 1d6.

Kafin ranar wasa, danna sunan kibiyar sau uku ko huɗu ka ga abin da ke fitowa a akwatin hira. In ka ga lambar huda da ta wuta kowacce a gefenta, ta yi. Yanzu saura biyu a kwarinsa, yana ta lallaɓa su kamar ƙwai, wai sai ya haɗu da macijin. Ban gaya masa cewa ja ne ba.