Yadda ake addu'ar shiru, ga mu da muka saba ɗaga murya

'Yan'uwa, mu nan Gombe in dai addu'ar ɗaga murya ce ba a bar mu a baya ba, daga Kaltungo har Billiri, ga kwanan addu'a, ga zumuntar mata da tulu da kacau-kacau, kuma ba laifi ba ne ko kaɗan. Amma akwai wadda kai za ka kama bakinka ka zauna gaban Ubangiji kawai. Ba sabon yayi ba ne fa, masu ibada a hamadar Masar tun ƙarni na 4 suke yin ta, Matiyu 6:6 ma cewa ya yi ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa.

Da asuba ta fi daɗi, kafin yara su tashi 'yan acaɓa su cika titi. Sa alam na minti 10 ka kife wayar can nesa, waɗanda suka saba suna kai minti 20 safe da yamma. Zauna kan kujera ka miƙe bayanka, kar ka ce za ka yi a katifa, barci ne zai sace ka.

Karanta aya ɗaya a hankali sau uku, misali Yohanna 15:5 inda Yesu ya ce shi ne itacen inabi mu ne rassan. Sai ka riƙe kalma ɗaya, ko sunan Yesu kawai, ko roƙon makaho Bartimawas a Markus 10:47 da ya ce a ji tausayinsa.

To nan aikin yake, don kana rufe ido tunani zai taso, kuɗin makaranta, tsadar taki, maganar da surukarka ta yaɓa maka jiya, kar ka yi kokawa da su kuma kar ka ji haushin kanka, ka dai koma kan kalmarka a hankali ko sau nawa ne, komawar nan ita ce addu'ar.

Batun zama ɗaya da Allah kuwa, wanda shi ake nema a wannan shirun, ni a ganina kar ka bi sawun tsumar jiki ko wahayi. Wata rana salama za ta rufe ka har ka manta kana zaune, wata rana fayau ba komai, duk ka yi addu'a. Ba wai ka zama Allah ba ne, kai reshe ne manne da itacensa. Kuma Yohanna 17:21, inda Yesu ya roƙa duk masu bi su zama ɗaya, ya haɗa har da 'yan'uwa, don haka duba yadda kake gaisa da wanda kuke 'yar tsama a coci.

Alam na bugawa kar ka zabura, rufe da Addu'ar Ubangiji a hankali. In shirun ya tono maka tsohon ciwo mai nauyi, je ka samu fasto ko fada ku tattauna.