Yadda na daidaita sabon seftin mariƙi a ƙaramar bindigata ƙirar 1911

Nan Texas nake zaune, 1911 ɗina kullum hamarta, wato ƙarfen bayanta da ke bugawa in an harba, na cizon fatar tsakanin babban yatsa da manuni, shi ne na sayo sefti mai faɗin wutsiya da zai kare fatar; seftin mariƙi shi ne ƙarfen bayan mariƙi da ke hana kunama motsi sai an damƙe shi. Na saka, na damƙe mariƙi tam amma kunama ta ƙi motsi sam, raina ya ɓaci wallahi. Ashe ɗan hannun seftin da ke tare bayan kunama ya yi kauri. Na shafa masa baƙar maka, na mayar, na ga inda ya goge, na bi da magagari sau biyu uku ina gwadawa, don in ka ci da yawa seftin ya mutu. Ba harsashi a ɗakin fa. Yanzu in na saki mariƙi kunama ba ta tafiya, in na damƙe ta tafi sumul.