Yadda Shugaba Zai Gina Yarda da Kansa Ba Tare da Ya Faɗa Girman Kai Ba

Duk wanda aka taɓa damƙa wa ragamar mutane, ko da biyar ne, ya san lokacin nan da ɗaki ke yin tsit, idanu su juyo kansa ana jiran ya faɗi inda za a dosa. Mabiya kan karanci fuskar shugabansu tun kafin ya buɗe baki, kuma idan suka ga yana inda-inda, yau ya ce gabas gobe ya ce yamma, sai gwiwarsu ta yi sanyi, kowa ya shiga neman yadda zai tsira da mutuncinsa. Wannan ne ya sa yarda da kai ta zama dole ga mai jagoranci. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwar yin wannan rubutu shi ne, hali ne da ake ginawa da aiki, kuma mai kunya ma yana iya gina shi.

A fara da tushe. A shekarar 1977, masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana cewa imanin da mutum ke da shi na cewa zai iya wani aiki yana fitowa ne daga wurare huɗu: nasarar da ya samu da hannunsa, ganin wani irinsa ya yi nasara, ƙarfafawar da yake ji daga bakin mutane, da kuma yanayin jikinsa a lokacin aikin. A cikin huɗun nan, ya nuna cewa na farko ya fi ƙarfi. Saboda haka sabon shugaba ya nemi aikin da zai iya kammalawa cikin mako biyu ko uku, ya tsaya a kansa har ya ga ƙarshensa, sannan ya ɗauki wanda ya ɗan fi shi nauyi. Kirarin da mutum zai yi wa kansa a gaban madubi yakan watse a ranar da aka jefa masa tambaya mai wuya, amma aikin da ya gama yana nan a matsayin shaida.

Ina ba da shawarar ka ware littafi guda domin shawarwarin da kake yankewa. Duk lokacin da ka yanke wata mai muhimmanci, rubuta kwanan wata, abin da ka zaɓa, dalilinka, da abin da kake zaton zai biyo baya. Bayan wata uku ka koma ka karanta. Za ka tarar da fannonin da hangenka ke yin daidai, nan ne za ka riƙa tsayawa da ƙafarka, za kuma ka tarar da inda kake yawan kuskure, nan ne za ka nemi wanda ya fi ka sani. Zuciya takan yi wa mai ita ƙarya game da abin da ya wuce, takarda kuwa ba ta sake magana.

Shiri ma yana da nasa rabon. Kafin ka shiga taro, ka san alƙaluman da za a tattauna, ka kuma zauna ka rubuta tambayoyi uku mafi tsauri da za a iya yi maka tare da amsoshinsu. Idan duk da haka gabanka na faɗuwa, ka sani cewa wannan ba alamar gazawa ba ce. Ja numfashi a hankali, rage saurin maganarka, kuma kada ka ji tsoron yin shiru na ɗan lokaci kafin ka amsa.

Inda al'amarin ya fi nauyi shi ne yanke shawara alhali ba ka da tabbas, domin babu shugaban da bayanai ke cika masa kafin lokaci ya ƙure. A watan Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Janar Dwight Eisenhower na Amurka ne ke jagorantar rundunar ƙawance da za ta tsallaka teku daga Ingila zuwa gaɓar Nomandi a Faransa. An tsara farmakin ranar 5 ga wata, mummunan yanayi ya sa ya ɗage shi da kwana guda, sannan ya dogara da hasashen masana yanayi ya ba da umarnin a tafi ranar 6, da sojoji sama da 150,000. Kafin su sauka, ya rubuta wata 'yar takarda ya ajiye, wadda za a karanta idan abin ya ci tura, inda ya ce idan akwai laifi a wannan yunƙuri, nasa ne shi kaɗai. A ganina wannan takarda ta fi umarnin kansa nuna yarda da kai. Ka yi koyi da ita: kafin ka zartar da babbar shawara, rubuta jimlar da za ka faɗa wa mutanenka idan ta lalace, wadda ba ta ɗora alhaki a kan kowa sai kai. Idan hannunka ya kasa rubuta ta, to da sauran tunani a gabanka. Idan ka rubuta ta, ka ba da umarni a sarari, ka daina waiwaye. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma wanda ya karɓi shugabanci ya karɓi wannan tun ranar farko.

Sai dai akwai rami a gefen wannan hanya, wato girman kai, wanda daga nesa yake kama da yarda da kai. Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Matuƙin ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM na ƙasar Holan, gogagge ne, shi ne ma mai horar da sauran matuƙa a kamfaninsa. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi izinin tashi ba, kuma da injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, sai ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Ba a sake ja da shi ba. Wannan hatsari na cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka shiga koya wa ƙananan ma'aikata su yi magana idan sun ga matsala, manya kuma su saurara. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma gwanin da ya daɗe ana yaba masa ya fi kowa buƙatar wanda zai ce masa ya dakata.

Maganin wannan yana cikin yadda kake tafiyar da taro. Kada ka fara faɗin ra'ayinka, domin da zarar ka faɗa, yawancin mutane za su bi bayanka ko da zuciyarsu ba ta kwanta ba. Fara da mafi ƙarancin muƙami, ka kira sunansa ka ce, "Malam, kai da kake kan aikin kullum, me ka gani wanda mu ba mu gani ba?" Na taɓa halartar wani zama inda shugabar sashe ta yi wa wani matashin ma'aikaci irin wannan tambaya. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya murza biron da ke hannunsa, sannan ya ce lissafin da aka gina shirin a kansa tsohon lissafi ne. Ta buɗe takardun a gaban kowa, ta duba, ta ce, "Gaskiyarka, kuskurena ne, mu gyara." Babu wanda ya raina ta a wannan rana, kuma tun daga nan mutane suka riƙa kawo mata matsala tun tana ƙarama.

Haka nan kada ka ji shakkar jawo waɗanda suka fi ka kusa da kai. Abraham Lincoln, da ya hau mulkin Amurka a 1861, ya naɗa William Seward da Salmon Chase a majalisar ministocinsa, alhali su ne suka yi takarar neman tikitin jam'iyya da shi a 1860.

Idan aka yi maka tambayar da ba ka da amsarta, faɗi gaskiya cewa ba ka sani ba, ka sa ranar da za ka dawo da amsa, ka kuma cika alkawarin. Ranar da shawararka ta faɗi ƙasa kuwa, kada ka bari labarin ya isa ga mutanenka ta bakin wani. Tara su da wuri, faɗi abin da ya faru da rabonka a ciki, bayyana matakin da za a ɗauka gobe da wanda zai ɗauke shi, sannan da dare ka buɗe littafinka ka rubuta a gefen tsohon hasashenka abin da ya faru a zahiri.