Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙulla Kasuwanci da Japan

Mutane da yawa suna yi wa tattalin arzikin Japan ɗaya daga cikin fassarori biyu, kuma dukansu ba daidai ba ne. Wasu suna ganin har yanzu ita ce Japan ɗin shekarun 1980 da ke tashe, wasu kuma sun ji cewa China ta wuce ta a 2010, Jamus ma ta sha gabanta a 2023, sai suka ɗauka ta durƙushe. Gaskiyar magana ita ce, tun bayan rugujewar farashin filaye da hannayen jari a farkon shekarun 1990 bunƙasarta ta yi sanyi, har ta kai kasuwar hannayen jarin Tokyo ba ta sake taɓa matsayin da ta kai a 1989 ba sai a 2024. Ga kuma yawan jama'a yana raguwa, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama sun kusa kashi 30 cikin ɗari. Duk da haka ƙasa ce mai tarin jari, wadda take sayo mafi yawan makamashinta da kaso mai tsoka na abincinta daga waje, saboda haka mai kaya yana da wurin shiga.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa Toyota da Sony su ne Japan. Sama da kashi 99 cikin ɗari na kamfanonin ƙasar ƙanana ne da matsakaita, kuma da yawansu ba sa sayen kaya kai tsaye daga baƙon da ba su sani ba. Suna bi ne ta hannun manyan kamfanonin dillanci irin su Mitsubishi, Mitsui, Itochu, Sumitomo da Marubeni, ko ƙananan dillalai da suka ƙware a kaya guda. Wanda yake son shiga sai ya nemi mai gabatar da shi, kuma hukumar JETRO mai haɓaka cinikin waje na Japan tana da ofis a Legas.

Amma kuskuren da ya fi ɓata ciniki, a ganina, shi ne gaggawa. Ɗan kasuwarmu ya saba zama da mai gida a gama magana a tafa, sai ya je Osaka yana jiran haka. A kamfanin Japan, kafin a zauna taro an riga an bi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya an ji ra'ayinsu, abin da suke kira nemawashi, sannan a rubuta takardar shawara ta zagaya sassa, kowane shugaba ya buga hatiminsa. Wannan yana iya cin watanni. Mai matsa lamba da waya kullum yana jefa wakilin kamfanin da ke ƙoƙari a kan maganarsa cikin kunya ne kawai. Gyaran shi ne a ba wakilin nan cikakken bayani a rubuce, a amsa kowace tambaya ko da an maimaita ta, domin da amsoshin ne zai shawo kan na gaba da shi. Da zarar sun amince kuwa, aiki yakan tafi da sauri, kuma ba sa saurin sauya abokin hulɗa.

Haka nan gyaɗa kai da cewa "to" a wurinsu alama ce ta ana sauraro, ba lallai amincewa ba ce. Idan aka ce maka abin zai yi wuya, ko za a duba, galibi an ƙi ne cikin ladabi. Mu da muka san kara bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Katin kasuwanci mai ɗauke da suna da muƙami kuma ana miƙa shi ana karɓarsa da hannu biyu, a karanta, a ajiye a kan tebur, ba a cusa shi aljihun baya. A iso taro kafin lokaci, a kuma tuna cewa shekarar kuɗin yawancin kamfanoninsu tana farawa ne a Afrilu.

Masu fitar da riɗi su ne suka fi buƙatar kula, domin Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Abin takaici ne a aika samfur mai tsabta, sannan a loda kaya masu yashi da ƙaiƙayi, ko waɗanda aka yi wa feshi a rumbu. Tun 2006 dokar Japan ta ƙayyade ragowar maganin ƙwari a abinci, kuma inda ba a sa wani ma'auni na musamman ba, iyakar ita ce kashi 0.01 cikin miliyan. A gwada kaya a ɗakin bincike kafin su bar tashar jirgin ruwa, a san gonar da kowane buhu ya fito. Idan kuma an ga kaya za su makara, a sanar da mai saye tun da wuri, a ba shi haƙuri, a faɗa masa dalili da sabuwar ranar da za su isa.