Yadda za ka binciki halayyar jama'a a ƙauye: abin da fadamar Argungu ta koya mini

Ranar da na fara sauka wani ƙauye kusa da Argungu, ɗauke da takardun tambayoyi, na tambayi wani manomin shinkafa buhu nawa ya samu a noman rani. Ya dube ni, ya dubi birona, ya ce, "Malam, tallafi za a ba mu ko haraji za a aza muna?" Sannan ya ce buhu 4. Bayan mako biyu ina zaune a masussukarsa na ƙirga 11.

Ba laifinsa ba ne, ni ne na yi garaje. Abin da mutum ke faɗi daban, abin da yake yi daban, kuma aikin mai nazarin zamantakewa shi ne gano tazarar da ke tsakaninsu.

Da farko ka matse tambayarka. "Rayuwar manoma" ta fi ƙarfin mutum ɗaya. "Wa ke ba manomi bashin taki da man inji, kuma da me yake biya?" wannan ana iya binta. Sai ka kai gaisuwa wurin uban ƙasa da hakimi, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, har da cewa ba ka raba komai. Amma kada ka bari hakimi ya zaɓar maka waɗanda za ka tambaya, don 'yan fadarsa zai turo. Ni gida-gida nake bi, ina tsayawa a kowane na biyar.

Kafin ka fito da takarda, zauna tukuna. Ka je majalisa bayan la'asar, ka bi su fadama, ka ci tuwon da aka miƙo maka. Mutane na sauya hali idan sun san ana kallonsu. An lura da haka a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago a Amurka, a binciken da aka yi tsakanin 1924 da 1932. Maganinsa daɗewa, har a daina shimfiɗa maka tabarmar baƙi. Polly Hill, Baturiyar Ingila, zama ta yi a Batagarawa kusa da Katsina kafin ta yi rubutu kan tattalin arzikin manoman Hausa.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne lafazin tambaya. Ka ce wa dattijuwa "'ya'yanki nawa?" sai ta yi murmushi ta kau da kai, ko ta lissafa ta tsallake ɗan fari saboda kunya. Idan ka rubuta yadda ta faɗa, lissafinka ya gurgunce tun daga gidan farko. Gara a ce, "Inna, su wa ke cin tukunyar gidan nan?" sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma cikin gida ba shiga, don haka dole ka samu mace abokiyar aiki. Tawa ce ta gano cewa kuɗin adashin mata ne ke sayen man injin ban ruwa a gidaje da dama, maganar da babu magidancin da ya taɓa yi mini.

Hirar rukuni kuwa, ka raba dattawa da samari. Yaro ba ya musa maganar babba a gabansa, ko da ya san ba haka ba ne.

Kada ka naɗi murya a waya sai da izini, kuma ka sauya sunayen mutane a rubutunka. Da dare, kafin barci ya ɗauke ka, rubuta abin da ka gani a shafi ɗaya, abin da aka faɗa maka a wani. Inda suka saɓa, can za ka koma gobe. Manomin nan sai a zuwana na uku ya bayyana mini cewa buhu 7 ɗin na mai bashin taki ne, 4 ɗin da ya faɗa su ne za su shiga rumbunsa.