Yadda za ka gane tsohon fil ɗin ado mai zanen fuska

Irin fil ɗin nan da matan Turai ke maƙalawa a ƙirji mai ɗan hoton mutum a ciki, musamman na zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila (1837 zuwa 1901), jabunsa ya cika kasuwar intanet, to ga yadda ake dubawa.

Da farko juya bayansa kafin ma ka kalli fuskar. Tsofaffin maƙalinsu ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne kamar harafin C, babu wani makulli, kuma sau da yawa tsinin allurar yakan zarce bakin fil ɗin. Wani ma za ka ga an kitsa gashin mutum a bayan gilashi, na tunawa da mamaci ne ko masoyi.

Sai ka samo gilashin nan mai ƙara girman abu na masu sayar da gwal ka duba zanen. In aikin hannu ne za ka ga sawun buroshi siri-siri ba su daidaita ba, in ko ɗige-ɗige ka gani a jere reras to bugun inji ne, wani lokaci har ɗan fenti suke shafawa a sama don su yaudari mai saye, kar ka yarda.

Nemi hatimi a jikin ƙarfen. In ka ga an rubuta 15ct, wato karat 15 a ma'aunin tsabtar gwal, gwal ɗin Ingila ne na tsakanin 1854 da 1932.

Don Allah kar ka sa masa ruwa! Yawanci fentin ruwa ne a kan hauren giwa, nan take zai wanke. Haure kuma akwai dokar CITES a kansa, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, tambaya kafin ka tsallaka boda da shi.

Maganar farashi kuwa, duba nawa irinsa ya tashi a manyan kamfanonin gwanjo irin su Christie's ko Sotheby's, ba kuɗin da ɗan kasuwa ya yanka ba.