Idan Tarkon 'Yan Sanda Ya Ci Kuɗin Kamfanin Canji: Yadda Ake Kai Ƙara

Shigar burtu tsohuwar dabara ce ta masu bincike. Jami'i ya zo shagon canji a matsayin mai sayar da dala, ko ya turo wani ɗan rahotonsa, a daidaita farashi, kuɗi na canja hannu sai abokan aikinsa su shigo. Doka ba ta hana ɗana irin wannan tarko ba, kuma sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ko shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba kotu na iya karɓarta, sai dai idan alƙali ya ga illar karɓar ta fi amfaninta. Tun da naira ta faɗi a farkon 2024, kuma Babban Bankin Najeriya (CBN) ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a ranar 1 ga Maris na shekarar, idon jami'ai bai sauka daga kasuwanni irin su Wapa a Kano da Zone 4 a Abuja ba.

Don haka "sun yaudare ni, ashe ɗan sanda ne" ba hujjar ƙara ba ce. Abin da ake kai ƙara a kansa shi ne abin da ya faru da kuɗin. Kamfani ya biya naira, an tafi da dalar a matsayin kayan shaida, nairar kuma ba ta dawo ba. Ko an kwashe dala 80,000 daga cikin akwati aka rubuta 50,000. Ko dalar tarkon jabu ce, amma nairar da aka karɓa ta gaske ce. Ko kuma an saki mutane ba tare da gurfanar da su ba, kuɗin yana can watanni.

Takardar ranar farko

A nan ake cin shari'a ko a faɗi. Sashe na 10 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ya wajabta wa ɗan sanda ya rubuta jerin duk abin da ya karɓa daga hannun wanda ya kama, su biyun su sa hannu, a ba wanda aka kama ko lauyansa kwafi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita haka, Kano ma tana da tata dokar ta jiha ta 2019.

Kada ka sa hannu a kan "wasu kuɗaɗen waje". A rubuta nau'in kuɗin da adadin kowane irin takarda: dala 100 guda 640, yuro 50 guda 120, riyal 500 guda 30. Idan hali ya yi, a ɗauki hoton lambobin takardun. Idan ba a bari an ƙirga a gabanka ba, rubuta haka a saman sa hannunka. Ƙin sa hannu gaba ɗaya ba ya rushe takardar, amma gyaran da ka rubuta da hannunka yana nan har gaban alƙali.

A wannan ranar kuma wani daga cikin ma'aikata ya kwafe faifan kyamarar tsaro zuwa wuri biyu, domin yawancin na'urorin suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki. A adana saƙonnin WhatsApp da aka yi cinikin da su, kada a sake saita wayar. A nemi bayanan asusu daga banki da hatiminsu. Duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya sai an haɗa shi da takardar tabbaci da sashe na 84 na Dokar Shaida ya tanada, wadda ke bayyana na'urar da yadda aka ciro bayanin. Lauyoyi da dama sun ga an ƙi karɓar bidiyo mai kyau saboda rashin wannan takarda mai shafi ɗaya.

Wanda aka tsare kada ya rubuta jawabi sai lauyansa na wurin. Sashe na 17 na ACJA ya ba shi wannan dama. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A rubuta ranar kamu da sa'a, da ranar saki da sa'a.

Duba cikin gidanka kafin ka fita

Lauyan 'yan sanda zai fara ne da tambayar ko cinikin kansa halal ne a idon doka, kuma kotu ba ta taimakon mai neman haƙƙi a kan haramtacciyar mu'amala. Lasisin CBN yana nan da ransa a ranar? Ƙa'idojin da bankin ya fitar a Mayun 2024 sun ce wanda ya kawo dala 10,000 ko sama da haka sai ya bayyana inda ya samo ta, kuma idan cinikin ya wuce dala 500, ta asusun banki za a biya shi nairarsa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hannun cibiyar kuɗi ba. Wanda ya miƙa miliyan 60 a jakar Ghana-must-go ba rasit ba katin shaida, ya sani ƙararsa na iya komawa tuhuma a kansa. Faɗa wa lauyanka wannan tun a zaman farko. Rashin lasisi ba ya halasta tsare mutum mako biyu ko dukansa, amma yana raunana neman kuɗin ƙwarai.

Wata uku

Sashe na 2(a) na dokar kare jami'an gwamnati ya ce ƙarar da ake yi wa jami'i kan abin da ya aikata a bakin aiki dole a shigar da ita cikin wata uku. Nan ne 'yan kasuwa suka fi faɗuwa. Ana ta zuwa ofis, ana ta "ka dawo Litinin, oga ya yi tafiya", shugabannin kasuwa na ta shiga tsakani, kafin a ankara wata huɗu ya wuce. Takardar koke ga Sufeto Janar, ko ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, tana da amfani, amma ba ta tsayar da wannan lissafi. Kotuna sun yarda cewa kariyar ba ta rufe jami'in da ya yi aiki da mugun nufi ko ya fita daga hurumin aikinsa, haka kuma cutarwar da ke ci gaba. Sai dai wannan gardama ce da za ta iya cin shekara kafin a taɓa ainihin maganar. A yi sulhu idan ana so, amma ƙara tana gaban kotu.

Cikin makon farko lauya ya rubuta takardar neman a maido da kuɗin, da adadi da wa'adi, a karɓi hatimin "an karɓa" a kan kwafi. Ƙarar riƙe kayan mutum ba bisa ƙa'ida ba tana tsayuwa ne a kan hujjar cewa an nema an hana.

Hanya biyu ce, kada a cakuɗa su

Ta farko ita ce ƙarar tauye haƙƙi, ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009. Ana shigar da ita a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya, da takardar rantsuwa kawai, ba a kiran shaidu. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, kuma wa'adin wata ukun nan bai shafe ta ba. Ta dace da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, inda sashe na 35(6) ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a, da kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, da ƙwace dukiya. Kamfani na iya neman haƙƙin dukiyarsa, amma ba a tsare kamfani, don haka manaja da akawun da aka kulle su ne za su nemi diyyar tsarewa. A baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunce-hukunce masu karo da juna kan ko mutum biyu za su iya haɗuwa a takarda ɗaya, amma a 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa za su iya.

Ta biyu ita ce ƙarar sammaci ta yau da kullum, wadda ake kiran shaidu a yi musu tambayoyi. Zargin damfara nan ne wurinsa. Idan aka cusa shi cikin ƙarar tauye haƙƙi alhali shi ne gundarin maganar, kotu za ta ce ba ta da hurumi ta wannan hanya, a koma gidan jiya, lokaci kuma ya tafi.

A rubuta sunan kamfani daidai yadda yake a takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Idan sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, masu shi ne za su yi ƙara da sunayensu. Waɗanda ake ƙara: jami'an da suka yi aikin da sunayensu da muƙamansu, Kwamishinan 'Yan Sanda na jihar, Sufeto Janar, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Idan ɗan rahoton da aka turo ya amfana da kuɗin, a haɗa da shi.

Kalmar "zamba" tana da tsada

Mai fushi yana son ya ga an rubuta zamba da manyan baƙaƙe. Amma sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce idan aka zargi wani da aikata laifi, ko da a shari'ar neman haƙƙi ce, sai an tabbatar da shi ba tare da sauran shakka ba, kamar a shari'ar laifi. Kuma dole a zayyana shi dalla-dalla: wane ne ya faɗi me, a wace rana, ga wa, ya san ƙarya ce, kamfani ya dogara da maganar, ga asarar da ta biyo baya. Riƙe kuɗi ko cinye shi ba bisa ƙa'ida ba kuwa rinjayen hujja kawai yake bukata. Lauya mai wayo yakan tsara ƙarar ta yadda ko zargin zamba ya faɗi, neman maido da kuɗin zai tsaya da ƙafarsa.

Asarar da ke da adadi sai an jero ta ɗaya bayan ɗaya an kawo hujjar kowacce. "Mun yi asarar ribar wata shida" ba ya wucewa sai da littattafan ciniki na watannin baya. Idan dala aka ɗauka, a nemi hukunci da dala, domin kotunan Najeriya na iya yanke shi da kuɗin waje. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda ba ya son karɓar kuɗin ruwan da kotu kan ɗora bayan hukunci: shari'ar da ta shekara huɗu ana lissafi da naira, ko an ci, an yi asara.

Ana iya neman takardun izinin aikin da rajistar kayan shaida ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Galibi za su fake da sashe na 12, wato bincike bai ƙare ba. Duk da haka a nema, sannan a bi da sammacin kotu na a kawo rajistar.

A riƙa duba jaridu. Hukuma na iya zuwa kotu ba tare da saninka ba ta samu umarnin ƙwace kuɗin na wucin gadi. Ƙarƙashin sashe na 17 na dokar damfara ta 2006, wanda EFCC ta fi amfani da shi, ana buga sanarwa, kuma bayan kwana 14 ko wa'adin da kotu ta sa, idan ba wanda ya zo da hujjar halaccin kuɗin, ya zama na gwamnati ko da ba a samu kowa da laifi ba.

Bayan hukunci

Takardar hukunci ba kuɗi ba ce. Hanyar da aka saba ita ce neman kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin hukumar ya biya kai tsaye: umarnin farko, a isar da shi aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan umarnin ƙarshe. Tun 2015 kuɗaɗen hukumomin tarayya suna asusun bai-ɗaya a CBN, kuma sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da amincewar Antoni Janar. Kotun Ƙoli ta sassauta wannan a shari'ar CBN da kamfanin Interstella, amma har yau ana yawan tayar da shi. Saboda haka tun a farko a nemi umarni na musamman cewa a maido da ainihin kuɗin da ke ɗakin kayan shaida, daban da diyya, kuma a nemi hukunci a kan jami'an da sunayensu, domin asusun mutum ɗaya ba ya bukatar amincewar kowa.